Yadda ake kunna fitilun Hanuka, da abin da ya sa sai a bakin taga

Duk wanda ya taɓa ratsa unguwar Yahudawa a Buruklin ko arewacin Landan ko birnin Ƙudus cikin Disamba bayan magariba zai ga kyandirori jere reras a tagogi, yau kaɗan, gobe an ƙara ɗaya, jibi an sake ƙara ɗaya, har layin ya cika. Toh wannan shi ne Hanuka. Wasu suna ce masa wai Kirsimetin Yahudawa, kuma gaskiya babu maganar da ke sosa ran mai riƙo da addini a cikinsu kamar wannan, don shi bikin kacokan ɗinsa labarin mutanen da suka ƙi sajewa da masu rinjaye ne. Zan bi da ku yadda ake yin sa, amma sai mun ɗan taɓa tarihi a hanya, in ba haka ba ba za ku gane kan ƙa'idojin ba.

Fara da neman ranar

Ba ya da tsayayyar rana a kalandar bature. Yana farawa ne 25 ga watan Kislev na kalandar Yahudawa, ya yi kwana 8. Su ma da wata suke lissafi, sai dai suna cusa ƙarin wata guda sau 7 a cikin kowace shekara 19, shi ya sa bikin ba ya zagaya shekara, kullum cikin hunturu yake, tsakanin ƙarshen Nuwamba da ƙarshen Disamba. A 2013 daren farko ya faɗo 27 ga Nuwamba, a 2024 kuma ya faɗo daidai 25 ga Disamba. Abin da ke rikita mutane shi ne rana a wajensu daga faɗuwar rana take farawa, so in kalanda ta ce ranar farko Litinin ce, to tun yammacin Lahadi ake kunna fitilar farko. Mutum ya jira Litinin, dare ɗaya ya riga ya wuce shi.

Abin da ake tunawa

Bayan Iskandar mai girma ya mutu janarorinsa suka raba daular, ƙasar Yahudiya daga baya ta faɗa hannun sarakunan Girkawa masu mulki daga Siriya. A shekara ta 175 kafin haihuwar Annabi Isa, Antiyokus na huɗu ya hau mulki. Yawanci in ana ba yara labarin sai a nuna kamar mugun sarki ne kawai ya zo ya danne bayin Allah, amma fa ɓarakar daga cikin gida ta fara. Wani daga gidan manyan firistoci, sunansa na yanka Yashuwa, ya mayar da kansa Yason don ya yi daidai da bakin Girkawa, ya ba sarki kuɗi aka ba shi kujerar babban firist, ya kuma nemi izini ya gina filin motsa jiki irin na Girkawa a cikin birnin Ƙudus. A irin wannan fili tsirara ake wasa, kowa na ganin kowa, sai ga samari suna jin kunyar kaciyarsu har wasu suka nemi hanyar ɓoye alamarta. Littafin Makabiyawa na biyu, tsohon littafin da ya ba da labarin wannan zamani, ya ce firistoci ma barin aikin bagade suke yi su ruga kallon wasa. Babu wanda ya sa musu takobi a wuya a lokacin, wayewa ce kawai, kowa na so a ce shi ma ɗan birni ne. Bayan 'yan shekaru wani mai suna Menelawus ya fi Yason zuba kuɗi ya ƙwace kujerar.

Takobin daga baya ya zo. A 167 sarki ya haramta kaciya da kiyaye Asabar da riƙe Attaura, aka ƙona littattafai, aka kafa bagaden gumaka a cikin Haikali, wato babban ɗakin ibadarsu na birnin Ƙudus, aka tilasta mutane cin naman alade. Akwai wani dattijo malami mai suna Ele'azara, ɗan shekara 90, waɗanda aka sa su tilasta shi sun san shi suna jin nauyinsa, suka ja shi gefe suka ce Baba kawo naka naman da ya halatta gare ka, ka ci a gaban jama'a kamar na aladen ne, shikenan kowa ya huta. Ya ce a'a, yaran da ke kallo ai ba za su san dabara aka yi ba, za su ce tsoho ma ya bi. Aka kashe shi. Ku riƙe wannan labarin, don shi ke bayyana maganar taga da za mu zo kanta.

A wani ƙauye Modi'in wani firist Matatiya da 'ya'yansa 5 suka yi tawaye suka shiga duwatsu. Da ya rasu ɗansa Yahuda, wanda ake wa laƙabi da Makabi, ya ja yaƙin sunƙuru har suka karɓe Haikali a 164, suka tsarkake shi, suka gina sabon bagade, aka yi kwana 8 ana biki. Shi kuwa labarin man da kowa ya sani, wato an tarar da 'yar tulu ɗaya tak ta tsarkakakken man zaitun mai hatimin babban firist, wanda kwana ɗaya kawai zai yi amma ya ci kwana 8, ba ya cikin littattafan Makabiyawa, a Talmud, babban kundin shari'a da koyarwar malamansu, ya zo bayan ɗaruruwan shekaru. Littattafan Makabiyawan ma ba sa cikin Littafi Mai Tsarki na Yahudawa, a na Katolika da Otodoks ake samun su. Malamansu sun fi son a tuna mai da fitila a kan a tuna yaƙi, har ayar da ake karantawa a majami'a ranar Asabar ɗin bikin daga Annabi Zakariya take, inda aka ce ba da ƙarfi ba, ba da iko ba, sai da Ruhuna.

Kayan da ake tanada

Alkuki mai gurbi 9, suna ce masa hanukiya, wasu su ce menora. Gurbi 8 su kasance a layi ɗaya tsayinsu ɗaya yadda mai wucewa zai iya ƙirgawa, na 9 kuma a ɗan ɗaga shi ko a ware shi gefe, shi ne shamash, da shi ake kunna sauran. Ba dole sai na azurfa ba, yara a makaranta da katako da murafen kwalba suke haɗa nasu kuma ya yi. Man zaitun da lagwanin auduga shi aka fi so saboda asalin labarin, amma kyandir ma ya wadatar, kwalin da ake sayarwa guda 44 ne a ciki, 36 na dararen 8 na shamash, don haka in ɗaya ya karye a kwali to za a yi gibi a daren ƙarshe, gara a sayi kwali biyu. Na lantarki ado ne, galibin malamai ba su yarda a yi addu'a a kansa ba, sai dai a asibiti ko ɗakin kwanan ɗalibai inda aka hana wuta mutum ya tambayi malaminsa. A samu faranti ko takardar foyil a shimfiɗa a ƙasa saboda ɗigar kakin.

Jerawa da kunnawa

Nan ne baƙo ke ruɗewa. Ka tsaya kana fuskantar alkukin. Daren farko a sa kyandir ɗaya a gurbin ƙarshe na hannun dama. Dare na biyu a sa biyu, ɗaya a gurbin jiya, sabon a hagunsa. Haka za a yi ta ƙarawa ana tafiya hagu. Amma wajen kunnawa sabon ake fara ba wuta, wato daga hagu a dawo dama. Jeri daga dama, wuta daga hagu, shikenan.

Wannan ƙarin ma sai da aka yi saɓani a kansa tsakanin almajiran wasu manyan malamansu biyu na dā. Almajiran Shammai suka ce a fara da 8 a riƙa ragewa, almajiran Hillel suka ce a fara da ɗaya a riƙa ƙarawa, hujjarsu ita ce abu mai tsarki hawa ake yi da shi ba sauka ba. Ta Hillel aka bi. Asalin wajibin ma fitila ɗaya ce tak ga kowane gida kowane dare, sauran duk kyautatawa ce, sai dai kyautatawar ta zama ita ce kowa ke yi. A gidajen Ashkenazi, wato waɗanda kakanninsu suka fito Jamus da gabashin Turai, sau da yawa kowa da nasa alkukin har yara, su kuma Sefardi, 'yan asalin Sifen da ƙasashen Larabawa, ɗaya ake kunnawa ma gida duka.

A tara iyali, a kunna shamash a riƙe a hannu, a yi addu'o'in kafin a taɓa lagwani. Daren farko uku ne: ta godiya ga Allah da ya yi umarnin kunna fitilar, ta tuna mu'ujizar da ya yi wa kakanni a irin wannan lokaci, sai ta godiya da ya raya mu ya kawo mu wannan rana. Sauran darare biyun farko kawai. Sai a kunna, a mayar da shamash gurbinsa, a yi waƙoƙin da aka saba. Wutar ta ci aƙalla rabin awa bayan duhu ya shiga. Ba a karatu da haskenta, ba a ƙirga kuɗi, ba a kunna wani abu daga jikinta, kallo kawai, dama amfanin shamash kenan, in ma an ci moriyar haske to a ce nasa ne. A gidaje da yawa mata ba sa taɓa aikin komai cikin wannan rabin awar, kuma ni dai ina ganin wannan al'ada ta fi kowace kyau, don in ba haka ba uwar gida tana can kan kaskon suya har wutar ta mutu ba ta gani ba.

Ranar Juma'a a kula sosai. Ba a kunna wuta in Asabar ta shiga, so sai a kunna na Hanuka tun kafin rana ta faɗi, kafin ma fitilun da suke kunnawa na tarbar Asabar, kuma dole su kai rabin awa bayan duhu, kusan awa ɗaya da rabi kenan. 'Yan sirara ɗin nan na kwali ba za su kai ba, a nemi manya ko a cika mai. Yammacin ranar Asabar kuma sai ta fita tukuna.

Ina za a ajiye

Toh ga inda zancen yake. Talmud cewa ya yi a ajiye a ƙofar gida ta waje, mai zama a bene ya sa a tagar da ke kallon titi, lokacinta kuma daga faɗuwar rana har sawu ya ɗauke a kasuwa. Kun ga ba don mutanen gida kaɗai ake yi ba, so ake mai wucewa ya gani, suna kiran abin shelanta mu'ujiza. In a ƙofa ne a hagun mai shiga ake sawa, don a dama akwai mezuza, ɗan kwanson nan mai ayoyi da suke maƙalawa a dokin ƙofa. A birnin Ƙudus har akwatin gilashi ake sayarwa don iska kar ta kashe. Kar kuma ta yi sama fiye da kamu 20, wajen mita 10, don ido ba ya kaiwa can.

Yanzu ku haɗa da labarin dattijon nan. An ce masa riƙe addininka a ciki, a waje ka yi kamar kowa, ya ƙi. Fitilar taga ita ce wannan ƙin, a ƙaramin sigarsa, sau 8 a shekara. Mutum na iya shekara yana aiki a ofis a Shikago ba wanda ya san ko shi waye, sunansa irin na kowa, shigarsa irin ta kowa, amma ranar da ya ɗora alkuki a taga duk layin sun sani. Akwai wani hoto sananne da matar wani malamin Yahudawa ta ɗauka a garin Kiel na Jamus a farkon shekarun 1930, alkukinsu a kan taga, tsallaken titi kuma tutar 'yan Nazi na lilo a jikin gini. Iyalin sun bar Jamus da alkukin, yana nan har yau. A 1993 kuma a garin Billings na jihar Montana wani ya jefa bulo ta tagar ɗakin wani yaro saboda ya ga hoton alkuki a jiki, jaridar garin ta buga hoton alkukin a cikakken shafi, dubban gidaje waɗanda ba Yahudawa ba suka yanka suka liƙa a nasu tagogin.

Amma fa addinin bai ce a kai kai ga halaka ba. A wuri guda ɗin da aka ce a sa a ƙofa, an ce in lokacin haɗari ne a ɗora a kan tebur cikin ɗaki, ya isar. Mai gida shi ya san unguwarsa, kuma bai kamata wanda ke zaune inda ake lafiya ya yi wa wanda ya sauke labule gorin tsoro ba. Musa ɗan Maimun, babban malaminsu haifaffen Kurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta cewa ko matalauci ne ya ci bashi ko ya sayar da rigarsa ya sayi man fitilar nan, amma shi ɗin dai ya ce in kuɗin ba zai isa fitilar Asabar ta cikin gida da ta Hanuka duka ba, ta cikin gida ce gaba, saboda zaman lafiyar iyali.

Abinci da wasa

Komai na soye ne, saboda mai. Ashkenazi suna yin latke: a goga ɗanyen dankalin turawa da albasa, a zuba a tsumma mai tsabta a matse ruwan tas (nan ne sirrin, in ba a matse ba zai yi laɓo-laɓo ya sha mai), a sa ƙwai da ɗan fulawa da gishiri, a ɗiba da cokali a baje a mai mai zafi har gefen ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras, a ci da markaɗaɗɗen tuffa ko kirim mai tsami. A Isra'ila sufganiya ce ke tashe, kamar fanke take amma da jam a ciki da garin suga a kai. Yahudawan Maroko nasu sfenj.

Yara kuma katantanwa suke murzawa mai fuska 4, dreidel, kowace fuska da harafin Ibrananci. Kowa ya zuba tsaba ɗaya a tsakiya, yawanci cakulan ne da aka naɗe kamar sulalla. Nun ba ka ci ba ba a ci ka ba, gimel ka kwashe duka, hei ka ɗauki rabi, shin ka ƙara zubawa. Ana ba yara labari wai da ita ake ɓad da sawu in sojojin sarki sun zo kama masu karatun Attaura, amma masana tarihi sun ce wasan caca ne na Turai da Yahudawan Jamus suka ara.

Yadda iyaye ke fama da Disamba

Kun ga dai katantanwar aro ce, dankalin ma daga nahiyar Amurka ya zo Turai, jikokin Makabiyawan su kansu da suka zama sarakuna sunayen Girkawa suka riƙa sawa, su Aristobulus da Alekzanda. Babu al'ummar da ke zama cikin wata ba ta ɗauki komai ba, zama da maɗaukin kanwa dole kai ya yi fari. Tambayar da kowane gida ke yi ita ce wanne ne aro, wanne ne kuma in ka ɗauka ka bar gida.

A shari'arsu Hanuka ƙaramin biki ne, ana zuwa aiki, ana buɗe shago, bai kama ƙafar Idin Ƙetarewa, na tuna fitarsu daga Masar, ko Yom Kippur, ranar azumi da neman gafara, ba. Abin da ya kumbura shi maƙwabtaka da Kirsimeti ne, musamman a Amurka, inda tun daga Nuwamba kanti da talabijin da makaranta duk abu ɗaya suke yi, yaro ɗan shekara 5 ya dawo gida ya ce Mama mu me ya sa ba mu da bishiya. Ba yau aka fara ba, Theodor Herzl da kansa, jagoran masu fafutukar kafa ƙasar Yahudawa, ya rubuta a kundinsa cewa a Disambar 1895 babban malamin Yahudawan Biyana ya shigo gidansa ya tarar yana kunna wa 'ya'yansa bishiyar Kirsimeti. Yanzu kuma binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna cikin Yahudawan Amurka da suka yi aure daga 2010, kashi 61 cikin 100 wanda ba Bayahude ba suka aura, wato a gidaje da yawa kaka ɗaya na da bishiya ɗaya na da alkuki, kuma dukansu suna son jikan.

Dabarar da wasu suka kama ita ce kyauta kowane dare har 8, a nuna wa yaro namu ya fi nasu. Ni a ganina wannan shiga gasar da ba za a ci ba ce, kuma yaron abin da zai koya shi ne Hanuka Kirsimeti ce mai tsawo. Tsohuwar al'adar 'yan kuɗi ne ake ba yara, a koya musu cire sadaka daga ciki. Gidajen da abin ya fi zauna musu su ne masu raba dararen, yau na kakanni, gobe a gayyaci maƙwabta, wani daren a kai kaya gidan marasa galihu, kyauta dare ɗaya ko biyu. A bar yaro ya riƙe shamash da hannunsa ko da babba na riƙe da nasa hannun. In ya tambayi bishiya a gaya masa gaskiya, bikinsu ne, yana da kyau, za mu je mu taya su murna mu ci abinci, su ma za su zo namu. Kar a kushe na mutane don a gyara naka, yaro na ganewa.

In an gayyace ka

Abokin aiki ko na makaranta zai iya cewa ka zo, dama bikin na nunawa ne. Ka isa kafin lokacin kunnawa. Gaisuwar ita ce Hanuka sameyah. Ba a sa ran ka yi addu'ar, tsayuwa shiru ta isa, kuma ba sai ka tsoma bakinka a siyasar Gabas ta Tsakiya a teburin mutane ba. Kar ka kai dafaffen abinci daga gidanka sai ka tambaya, don masu kiyaye kosha, wato dokokin abincin Yahudawa, ba sa haɗa nama da madara, tukwanensu ma daban-daban ne, 'ya'yan itace ko abin kanti mai tambarin kosha ya fi sauƙi. Kar ka hure wutar in za a tashi, barin ta ake yi ta mutu da kanta, kuma kar ka kunna komai daga jikinta.

Wuta kuma wuta ce, daren 8 harshe 9 ne ke ci a alkuki ɗaya, in gidan mutum 5 ne kowa da nasa ku lissafa. A janye labule, a sa a inda yaro ko kyanwa ba za su ture ba, kar a fita a bar ta.

Bayan daren ƙarshe ragowar man da ya saura a kofunan da lagwanin da aka yi amfani da su ba a yin wani aiki da su, tarawa ake yi a ƙona. Kakin da ya daskare a gurabe kuma a zuba masa ruwan zafi, ko a sa alkukin a firiza na ɗan lokaci sai ya ɓamɓaru da kansa, kar a kankare da wuƙa in na azurfa ne.